Wace kad-rida ce za ta sauke mini aiki da wuri? Muhawarar masu hoto da bidiyo

Mai Bidiyon Biki: Assalamu alaikum 'yan uwa, manya da ƙanana. Shawara nake nema a kan kad-rida, wato na'urar da ake sa katin memori a ciki don juye aiki a kwamfuta. Da kyamarar Sony A7 III nake aiki, ina ɗaukar 4K a 100M (megabit 100 a sakan), memorina kuma SanDisk Extreme Pro ne mai gig 128, irin wanda aka rubuta wa 200MB/s a jiki. To amma in ya cika, sai ya ci fiye da awa guda kafin ya gama shiga kwamfuta. Yanzu kuwa masu biki so suke a haska musu guntun kamu da ɗaurin aure a wajen dina, a daren ranar. Daga la'asar zuwa isha'i ne kaɗai lokacin da nake da shi, rabinsa kuma yana tafiya ne ina zaune ina kallon koren layin nan yana jan ciki. Ridar da ke hannuna irin ƙaramar nan ce ta roba mai ramuka da yawa. Wacce zan saya da za ta ba ni 200 ɗin nan da aka rubuta? Allah Ya saka da alheri.

Editan Zoo Road: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka jefar da wannan ta robar tun kafin ta cinye maka aikin mutane. Ka rufe ido ka sayi babba sau ɗaya ka huta, ProGrade ko Lexar ko Sony. Araha ba ta ado. Mu a nan ko yaron shago ba ma bari ya taɓa katin aiki da irin waɗannan.

Injiniya Kaduna: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Oga Edita ya yi gaskiya a kan ta robar, amma kafin ka fitar da ko sisi, Malam, mu yi lissafi tukuna, don awa gudan da ka faɗa ta riga ta tona asirin inda matsalar take.

Gig 128 kusan MB 128,000 ke nan. In ka raba shi da sakan 3,600 na awa guda, za ka samu MB 35 da ɗoriya a sakan. Wannan kuwa shi ne iyakar gudun USB 2.0 a aikace. A takarda ana rubuta masa 480Mbps, amma wannan ƙaramar b ɗin bit ce, sai ka raba da 8 kafin ka samu MB, wato 60, kuma a zahiri tsakanin 30 da 40 yake tsayawa. Don haka a cikin kayanka akwai abu ɗaya aƙalla da yake USB 2.0: ko ridar, ko wayar da ke haɗa ta, ko ramin da kake soka ta a jikin kwamfuta.

Abu biyar aikinka yake bi kafin ya isa: katin, ridar, wayar, ramin USB, sai inda kake zuba fayilolin. Kamar ruwa ne a tiyo biyar da aka jona, duk wanda ya fi ƙunci shi zai yanke yawan abin da zai zubo, komai faɗin sauran huɗun. Saboda haka ka faɗa mana: wace kwamfuta ce, ramin da kake sokawa wane launi ne a ciki, kuma ina kake zuba aikin?

Mai Bidiyon Biki: Na gode Injiniya. Laftof ne HP. Akwai ramuka biyu masu shuɗi a ciki, ɗaya baƙi. A had-dis na waje nake zubawa, irin ƙaramin nan mai tera 2.

Injiniya Kaduna: Madalla. Masu shuɗin su ne USB 3.0, wani lokaci za ka ga an rubuta SS a gefensu. Baƙin galibi 2.0 ne, ka bar wa linzami. Ridarka ma ka leƙa bakinta, in ba shuɗi ba ne, to ita ce ɓarauniyar lokacinka.

Sai batun 200 ɗin da kake nema. Katinka UHS-I ne, wato ajin gudun katin SD da ke ƙasa da UHS-II, kuma a ƙa'idar da ƙungiyar SD ta shimfiɗa, UHS-I iyakarsa MB 104 a sakan, a aikace 90 zuwa 95. SanDisk suna da wata dabara tasu da ke ƙetare wannan iyaka, shi ya sa suke rubuta 170 ko 200, amma sai da ridar da ta san wannan dabarar, kamar tasu ta kamfanin. In ka sa shi a wata ridar, ko da ta fi tasu tsada, yawanci wajen 90 zai koma. Wannan ba jabu ba ne, ba kuma lalacewa ba ce, haka abin yake.

Ga yadda lokacin zai kasance a kati mai gig 128 cike:
a gudun 35, awa guda;
a gudun 90, minti 24;
a gudun 180, minti 12;
a gudun 250, ƙasa da minti 9.

Ka ga daga ta roba zuwa kowace ridar kirki mai USB 3.0 ka riga ka ceto fiye da rabin awa a kowane kati, kuma ba ta da tsadar da za ta hana ka barci.

Editan Zoo Road: Injiniya, ni ban yarda da sayen abu don yau kawai ba. Yaron nan gobe zai canza kyamara. Kowa yanzu FX3 ko A7S III yake hari. In ya sayi ƙarama yau, baɗi ya sake sayen wata, ina ribar? Gara ya sayi mai Thunderbolt, mahaɗin nan da ya fi USB na gama-gari gudu, tun yanzu.

Injiniya Kaduna: Oga, Thunderbolt ɗin a ina zai soka ta? Ya ce ramukansa masu shuɗi ne, wato irin tsohon bakin nan mai faɗi, gudunsu 5Gbps. Thunderbolt ta yanzu sai ta bakin USB-C, kuma ba kowane USB-C ne yake da ita ba, sai ka ga alamar walƙiya a gefe. Akwai ridojin da Thunderbolt zalla suke ji, in ka sa su a USB na gama-gari ko motsi ba za su yi ba. Ban da haka, katin SD ko da mafi gudu ne a UHS-II, MB 312 ne rufinsa. Ramin 5Gbps yana ɗaukar sama da 400. To me 40Gbps ɗin Thunderbolt za ta ƙara masa?

In ma FX3 ɗin ya koma, katinta na musamman CFexpress Type A ne, ridarsa daban take, irin Sony MRW-G2, kuma wannan ɗin ma USB ce mai 10Gbps, tana karanta Type A da SD duka. Mai Thunderbolt da ka fi gani a kasuwa ta Type B ce, wadda Canon R5 da manyan Nikon suke ci. Bakinsu ma ba ɗaya ba ne. Ka ga in ya sayi wannan da sunan tanadin gobe, goben ta zo bai da inda zai sa katinsa.

Editan Zoo Road: To na ji wannan. Amma maganar a guji mai arha tana nan.

'Yar Studiyo Abuja: Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki ta ɓangaren masu hoto, tunda ni da Canon R6 nake aiki, ramukanta biyu duk UHS-II ne.

Yayana mai tambaya, ka juya katinka ka kalli bayansa. Za ka ga haƙoran zinare layi ɗaya a sama. Katin UHS-II layi biyu ne da shi, na biyun a ƙasan na farko. Ridar UHS-II ita ma in ka haska cikinta da fitilar waya za ka hango layi biyu. In kati mai layi biyu ya shiga rida mai layi ɗaya, zai yi aiki lafiya lau, amma da layin sama kaɗai, gudunsa ya dawo wajen 90. Na sha ganin 'yan uwa sun zuba kuɗi a kati V90 suna juye shi da ridar UHS-I, suna cewa katin bai da wani bambanci. Abin yana min ciwo, don kuɗin katin nan ba wasa ba ne.

Shawarata ita ce ko da katinka na yanzu UHS-I ne, ridar da za ka saya ta zama UHS-II. Tana karanta tsofaffin katunanka, kuma ramin farko na A7 III ɗinka UHS-II ne, don haka duk ranar da ka samu hali ka sayi kati V60, ba sai ka sake neman rida ba. Kingston MobileLite Plus ta SD, ko Sony MRW-S1, ko ta SanDisk mai UHS-II, duk ƙanana ne, suna shiga aljihun jakar kyamara.

Mai Bidiyon Biki: Hajiya na gode. Amma V60 da V90 ɗin nan, ba su ne gudun juyewa ba?

'Yar Studiyo Abuja: A'a. V ɗin alƙawarin rubutawa ne, wato lokacin da kyamara take zuba bidiyo a katin. V30 yana nufin ba zai sauka ƙasa da MB 30 a sakan ba, V60 sittin, V90 casa'in. Babbar lambar da suke bugawa a gaba, 200 ko 280 ko 300, ita ce ƙololuwar gudun karantawa, ita ce ta shafi juyewa a kwamfuta.

Kai 100M ɗin da kake ɗauka, in ka raba da 8, MB 12 da rabi ne kacal a sakan, kusan gig 45 a awa. V30 ya ishe ka har da saura. Don haka in ka sayi UHS-II, ba don kyamara ta fi ɗauka da kyau ba ne, don ka tashi daga gaban kwamfuta da wuri ne. V60 ya wadatar, ba sai ka kai ga V90 ba. Masu A7S III da ke ɗaukar 4K a 600M su ne V90 ya zame wa dole, don MB 75 suke zubawa kowane sakan.

Injiniya Kaduna: Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: ranar da ka koma UHS-II, had-dis ɗinka ne zai zama sabon mai riƙe ka. Ƙananan had-dis na waje masu faifai a ciki, 100 zuwa 130 suke yi in suna cikin nishaɗi, in sun kusa cika su sauka. Da katinka na yanzu mai 90 babu damuwa, sun yi daidai. Amma kati mai 250 a kan had-dis mai 110, 110 ɗin za ka gani. A nan SSD yake shigowa, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai a ciki, ta fi had-dis gudu. Samsung T5 yana kai wa 540, T7 kuma wajen 1,000 in ramin 10Gbps ne. A ramukanka masu shuɗi duka biyun wajen 400 za su tsaya, wanda ya fi ƙarfin kowane katin SD na UHS-II.

Kuma kada ka riƙa juye kati a had-dis ɗin da kake editin a kansa a lokaci guda. Allurar ciki ɗaya ce, tana karanta wa manhajar editin irin Premiere tana rubuta sabon fayil, sai duka biyun su yi ta jan ciki.

Baba Mai Hoto Zariya: Assalamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, na ƙaru. Amma kowa gudu yake ta faɗa, ban ji wanda ya yi maganar amana ba.

Mu da muka fara da fim, mun san abin da ake nufi da aikin da ba ya dawowa. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yi. Uban amarya ba zai sake rungumar 'yarsa yana hawaye don katinka ya lalace ba. Ni har gobe da Canon 5D Mark III nake aiki, katin CF. Masu irin wannan kati ku kula ƙwarai: cikin ridar CF allurai 50 ne sirara a tsaye. In ramin ridar gajere ne, katin yana shiga a karkace, allura ɗaya ta lanƙwashe, shi ke nan. Wani lokaci ma ta haɗu da 'yar uwarta ta ƙona katin. Ku nemi mai zurfin rami, wadda katin zai shiga fiye da rabi kafin ya taɓa allurai, kuma kada ku danna da ƙarfi. In ya ƙi shiga, a zaro a duba.

Sannan ina roƙonku da abu uku. Kada ku yanke fayil daga kati, ku kwafa, asalin ya zauna a katin. Kada ku yi fomat sai aikin ya zauna a wuri biyu kun buɗe kun gani da idonku. In za ku yi fomat ɗin kuma, a cikin kyamara za ku yi, ba a kwamfuta ba. Minti goman da kuke ƙoƙarin ragewa ba su kai darajar ranar da za ku tsaya gaban mutane kuna ba da haƙuri ba.

Editan Zoo Road: Allah Ya ƙara girma Baba. Wannan ita ce maganar da nake son faɗa tun farko ban iya tsara ta ba. Ridar banza ba jinkiri kaɗai take jawowa ba. Takan yanke a tsakiyar aiki, ka ji kwamfuta ta yi ƙarar cirewa ta sake ƙarar sakawa ba wanda ya taɓa ta. Fayil ɗin da yake kan hanya a lokacin ya shiga rabi. Sunansa yana nan, girmansa kamar daidai, sai ka zo editin ka tarar hoton ya farfashe ko sauti ya ɓace. An taɓa kawo mana aikin wani shiri haka, fitowar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta lalace, an kuma riga an goge katin an ɗauki wani abu a kai.

Tun daga nan ba ma juye kati da jan fayil kawai. A cikin DaVinci Resolve akwai Clone Tool, ko a na kyauta, yana kwafa sannan ya auna kowane fayil da asalinsa ya tabbatar ba abin da ya canza, yana kuma iya zubawa a wuri biyu a tafiya ɗaya. Masu Windows akwai TeraCopy, a kunna masa tantancewa. Yana ƙara lokaci, gaskiya ne. Shi ya sa ma nake son rida mai gudu, don in samu sararin yin tantancewar ba tare da darakta yana tsaye a kaina ba.

Injiniya Kaduna: A nan ni da Oga Edita bakinmu ɗaya. Kuma yankewar nan sau da yawa daga waya take, ko daga ƙaramin abin nan mai raba USB da ba shi da wutar kansa. An jona rida da had-dis da filash duk a rami ɗaya, wuta ba ta isa, gudun ma rabawa suke. Rida ta samu raminta ita kaɗai, inda ake zubawa shi ma nasa daban.

Wayar USB-C kuma ita ce ta fi yaudarar mutane, don duk kamarsu ɗaya. Yawancin wayoyin caji USB 2.0 ne a ciki, har da farar wayar cajin da ke zuwa da wasu MacBook. Za ka ɗauko rida mai 10Gbps ka jona ta da wayar cajin wayarka, ka koma 35 ɗinka na da. Wayar da ta zo a kwalin ridar, ita za ka riƙe, ka ɗaura mata wani ƙyalle ko salatif mai launi don kada ta ɓace cikin sauran.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, muna gaisuwa daga nan. Ni tambayata biyu ce. Ta farko, me zai hana a jona kyamarar kai tsaye da waya a huta da sayen rida? Ta biyu, sau da yawa ina aiki a ƙauyuka inda babu wuta, a wayar hannu nake juye hotuna in tura wa masu su. Rida mai gudu za ta amfane ni?

'Yar Studiyo Abuja: Wa alaikumus salam Malam. Jona kyamara yana yi in an matsu, amma ni ba na so. Galibi bai kai gudun rida ba, yana shan batir, kuma kyamarar ta zama a ɗaure alhali ana can ana shigowa da amarya. Abin da ya fi damuna shi ne bakin USB na jikin kyamara. In wani ya yi tuntuɓe da wayar ya ɓalle shi, gyaransa ya ninka kuɗin rida sau da yawa, in ma an samu mai gyaran.

Ta wayar hannu kuwa, ya danganta da wayar. Da yawa bakinsu USB-C ne amma cikinsu 2.0. Ko iPhone 15 haka take, sai 15 Pro ce ke da 10Gbps. In wayarka 2.0 ce, duk ridar da ka sa, wajen 35 ɗin nan ne. Ka nemi mai inganci dai wadda ba ta yankewa, amma kada ka biya kuɗin gudun da wayarka ba za ta iya ɗauka ba.

Mai Bidiyon Biki: 'Yan uwa ga sakamako. Na ari rida mai USB 3.0 a wajen wani abokin sana'a na sa a ramin shuɗi, had-dis a ɗaya ramin. Fayilolin bidiyo suna tafiya a 88 zuwa 92. Da tawa ta roba a rami ɗaya ɗin, 33 take nunawa. Lissafin Injiniya ya fito daidai. Yanzu na tsaya a tsakanin biyu: in sayi ta SanDisk mai ba katina gudunsa na sama, ko in bi shawarar Hajiya in sayi UHS-II?

Injiniya Kaduna: In katunanka irin wannan suna da yawa kuma ba ka da niyyar canza su nan kusa, wadda ta san dabarar SanDisk ɗin za ta rage maka lokaci sosai, da sharaɗin ka koma SSD, don had-dis ɗinka ba zai karɓi 180 ba. In kuwa kati ɗaya ko biyu ne, bi Hajiya. Ka karanta bayan kwalin da kyau, akwai ridojin da suka haɗa duka biyun. Ni a ganina ma, in kuɗin bai isa komai ba, ka fara da ridar UHS-II, abin da ya biyo baya SSD, sabon kati ya zo a ƙarshe.

Mai Dron Jos: Ku ba ni dama in shigo da namu. Yawancin jiragen DJI da kyamarorin GoPro ƙaramin katin nan microSD suke ci. Ina ganin mutane suna sa shi a adaftar nan ta roba mai siffar SD sannan su sa a rida. Yana yi, amma adaftar tana saurin sakin jiki, ɗan makullin gefenta yana zamewa, wani lokaci kwamfuta ta ce a yi wa katin fomat alhali lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya ga wannan saƙon kada ya danna komai, ya cire ya gwada a wata ridar tukuna. Rida mai ramin microSD nata na kanta ta fi kwanciyar hankali.

Tambayata ga Injiniya: masu ramuka biyu ko uku, suna juye kati biyu a lokaci guda ba tare da gudu ya ragu ba?

Injiniya Kaduna: Ya danganta. Wasu masu arha kati ɗaya kaɗai suke gani a lokaci guda komai yawan ramukansu. Masu kyau suna ganin duka, amma waya ɗaya suke rabawa. Kati biyu na UHS-I, 90 da 90, ramin 5Gbps zai ɗauke su ba gardama. Kati biyu na UHS-II masu 280 kuwa sun haura 500, sai mai 10Gbps, irin masu rami biyu na ProGrade.

Ku kula da sunayen nan, don suna rikita mutane a kasuwa. USB 3.0, da 3.1 Gen 1, da 3.2 Gen 1, duk abu ɗaya ne, 5Gbps, suna kawai aka yi ta canza masa. Gen 2 shi ne 10. Gen 2x2 shi ne 20, amma kwamfutoci kaɗan ne ke da shi, Mac ma ba ta jin sa, 10 take mayar da shi. Kada mai shago ya ce maka 3.2 ce ka ɗauka ta fi 3.0, ka nemi lambar Gbps ɗin.

Editan Zoo Road: Masu CFexpress Type B kuma ku saurara, don a nan ne maganar Thunderbolt ɗina take da gurbi. Katin yana karantawa har wajen 1,700, sababbin na 4.0 da aka fitar da ƙa'idarsu a 2023 sun ninka haka. Rida mai 10Gbps wajen 900 zuwa 1,000 za ta tsayar da shi. Ga mai hoto wannan ma ya isa. Ga wanda ya ɗauki 8K RAW a Canon R5 ya cika gig 512, bambancin yana fitowa fili.

Sai zafi. Wanda ya taɓa ɗaukar Hawan Daushe a shekarun da Sallah ta faɗo a bazara ya san abin da nake faɗa. Ka zaro katin daga kyamara yana ƙona yatsa, ka sa a rida, ya fara da gudu kamar gaske, can sai ka ga lambar tana sauka. Katin ne yake rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A watan Afrilu a Kano, da zafi ke haura 40, ridar roba ba ta fitar da zafin. Ku nemi mai jikin ƙarfe, ku ajiye ta inda iska ke bugawa, ba a kan katifa ko kujerar mota ba, kuma ku bar katin ya ɗan huce kafin ku sa.

Baba Mai Hoto Zariya: Da hunturu kuma ƙura. Ku samu 'yar jaka mai zif ku riƙa sa ridar, kada a bar bakinta a buɗe a kan tebur. Masu kwamfutar tebur kuma da ba su da abin riƙe wuta, kada ku fara juye kati in kun san ana wasa da wutar. Laftof ya fi aminci a wannan aikin saboda batirinsa.

'Yar Studiyo Abuja: Na'am Baba. Wani abu ga masu hoto: dubban ƙananan fayiloli ba sa gudu kamar babban fayil ɗin bidiyo guda, don haka kada ku ga lamba ta sauka ku zargi rida. Kuma in kun bar Lightroom, manhajar gyaran hoto, yana jawo hotuna daga kati yana gina samfurinsu a lokaci guda, dole ya yi nauyi. Ku fara kwafe komai a SSD, ku cire katin ta hanyar da ta dace, sannan ku shigar da su.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya da yake ci mana tuwo a ƙwarya a nan, wato jabun kati. Na taɓa sayen mai gig 128 a wani shago, kwalinsa tsaf, amma da aiki ya wuce wani adadi sai hotunan farko su ƙi buɗewa. Yaya ake gane shi? Kuma ina da Nikon Z6 mai katin XQD, in na shigo Kano zan nemi rida. Ta CFexpress Type B za ta karanta shi, tunda na ga girmansu ɗaya?

Injiniya Kaduna: Irin wannan katin ƙarami ne aka yi masa dabara yake nuna babba, in ya cika sai ya koma yana rubutu a kan na baya. H2testw a Windows, ko F3 a Mac, zai cika katin da bayanai ya sake karantawa ya faɗa maka ainihin girmansa. A yi wa kowane sabon kati wannan kafin a kai shi wajen aiki. Gudu kuma a auna da CrystalDiskMark ko Blackmagic Disk Speed Test.

XQD kuwa ka yi hattara. Zai shiga ramin Type B daram, amma yawancin ridojin CFexpress ba sa karanta shi, sai wadda aka rubuta XQD ƙarara a kwalinta. Sony MRW-G1 tana karanta duka biyun. Z6 ɗinka ma in ka sabunta manhajar cikinta tana karɓar CFexpress Type B, don haka mai cin duka biyun ita ta dace da kai. In za ka shigo, ko Beirut Road ko Farm Centre, ka taho da katin da laftof ɗinka, ka sa babban fayil ɗin bidiyo guda a katin, a buɗe kwalin a juye shi a gabanka da wayar da ke ciki, ka ga lambar kafin ka ƙirga kuɗi.

Ɗan Maraɗi: In sha Allah haka zan yi. Akwai wani abokin aikina mai D850, shi ma XQD ne, zan ce ya ba ni nasa katin in haɗa in gwada duka biyun.